Saints Row: Gat out of Hell: wanne za ka saya, kuma a kan wace na'ura?

Kafin ka fitar da kuɗinka, ka san cewa Gat out of Hell ba cikakken sabon gem ba ne. Ƙari ne da aka gina a kan Saints Row IV, sai dai yana tsayawa da ƙafarsa, ba sai kana da na huɗun ba. Kamfanonin Volition da High Voltage Software ne suka haɗa shi, Deep Silver ya fitar da shi a watan Janairun 2015 a kan dala 20, kuma farashin ya nuna girmansa. Wanda ya bi labarin kai tsaye zai gama cikin awa huɗu zuwa shida.

Labarin barkwanci ne tun daga farko. Shaiɗan ya sace shugaban ƙungiyar Saints don ya aura masa 'yarsa Jezebel, sai 'yan ƙungiyar biyu, Johnny Gat da Kinzie Kensington, suka bi sahu zuwa wani birni na cikin wuta mai suna New Hades. Su biyun nan kawai ake bugawa da su. Babu ƙirƙirar ɗan wasanka, babu shagunan tufafi, babu tashoshin rediyo masu waƙoƙi a mota, alhali waɗannan ne suka sa mutane da yawa son Saints Row tun asali.

Akwai abin da ya kamata a auna kafin maganar na'ura. Gem ɗin na 'yan shekara 18 zuwa sama ne, da ashar da zubar da jini. Ya mai da wuta da Shaiɗan abin dariya, ya mai da Akwatin Alkawari, wato akwati mai tsarki na Bani Isra'ila, makami, kuma a ƙarshensa akwai wata murya da aka sa ta yi magana a matsayin Ubangiji. Wanda wannan ya saɓa wa imaninsa kada ya saya da tunanin zai tsallake wurin, domin jigon wasan ke nan gaba ɗaya. Bai kuma dace a ajiye shi a na'urar da yara ke taɓawa ba.

Abin da ya fi kyau a cikinsa tashi ne. Gat yana samun fukafukai tun da wuri, kuma sarrafa su yana da daɗi sosai: ka yi tsalle, ka buɗe su, ka kifa kai ƙasa don ƙara gudu, ka ɗago don hawa sama. A farko ƙarfin tashin kan ƙare da sauri, ka faɗo tsakiyar titi. Maganinsa tattara dunƙulen rayuka masu walƙiya da aka watsa a kan rufin gine-gine, a zuba su a ƙarfin tashi kafin komai. Kuskuren da sababbi ke yi shi ne kashe su a kan ƙarfin faɗa tun farko, sai zirga-zirga ta zama wahala. Haka nan akwai hasumiyoyi da ke harbo roka ga duk mai tashi kusa da su, don haka a sauka a ƙwace su ɗaya bayan ɗaya kafin a fara yawo a unguwar. Makamai bakwai na musamman su ma abin nema ne, musamman kujerar falo mai bindigogi da roka, wadda kake harbi kana kishingiɗe a kanta.

Rauninsa yana wajen tsari. Babu jerin ayyukan labari irin na sauran. Akwai ma'aunin fushin Shaiɗan da kake cikawa ta hanyar ƙananan wasanni, irin su tseren tashi, ɓarnar dukiya, da jefa kai gaban motoci. Idan ma'aunin ya kai wani mataki sai labarin ya matsa. Ana ceto wasu mazauna wutar, wato Blackbeard da Vlad da Shakespeare da tagwayen DeWynter, kowane ɓangare ya ba ka wani iko, amma bayan haka ayyukan da suke ba ka maimaicin waɗancan ƙananan wasannin ne. Mai son labari mai tsawo zai gaji kafin awa ta uku.

Saboda haka zaɓin da ya fi riba ga mai PS4 ko Xbox One shi ne haɗin Saints Row IV: Re-Elected, wato sabuntaccen na huɗun, da Gat out of Hell. Na huɗun, wanda ya fito a 2013, ya ninka shi tsawo, yana da ƙirƙirar ɗan wasa da cikakkun ayyukan labari, kuma Re-Elected ya zo da ƙare-ƙaren da aka sayar daban a baya. Fara da shi, domin barkwancin Gat out of Hell da yawa ba ya shiga sai ka san su wane ne Gat da Kinzie. Idan na hannu za ka saya, buɗe kwalin a gaban mai shago, a sa faifan a na'ura ka ga sunayen biyu sun fito. Duk abin da ya zo a matsayin lambar saukewa a takarda, ka ɗauka wanda ya riga ka ya yi amfani da ita, domin sau ɗaya take aiki. Faifan PS4 yana aiki a PS5 mai ramin faifai, na Xbox One yana aiki a Series X, amma Series S ba ta da ramin faifai ko kaɗan.

Na PS3 da Xbox 360 sun fi araha a kasuwa, sai dai hotonsu bai kai ba, kuma sukan yi tsaiko lokacin da kake keta gari da gudu a sama, wato daidai inda daɗin gem ɗin yake. Faifan PS3 kuma ba ya aiki a PS4 ko PS5. Mai Nintendo Switch ya lura: Re-Elected ya fito a kanta a 2020, amma babu Gat out of Hell a ciki.

A kwamfuta ana samunsa a shagunan gem na intanet, Steam da GOG. Bai kai gigabait 10 ba, kuma ram mai gigabait 4 da matsakaicin katin hoto sun isa su ɗauke shi. Ga mai tsimin data, na GOG ya fi, domin kana sauke fayil ɗin girkawa sau ɗaya ka adana a filas, ba ya neman intanet kafin ya buɗe. Tsohon gem ne da ake yawan karya farashinsa lokacin rangwame, don haka babu dalilin biyan cikakken kuɗi. Ana iya buga shi da aboki, mutum biyu, kowa da na'urarsa da kwafinsa; ba a raba allo ɗaya, kuma ta intanet a PS4 sai da rajistar PlayStation Plus.

Idan barkwanci da yawon gari kake so ba tare da zancen wuta ba, Saints Row: The Third na 2011 ko sabuntaccensa na 2020 ya fi dacewa, duk da shi ma na manya ne. Idan kuma faɗa mai zafi kake nema a ƙasar matattu ta tatsuniyoyin Girka, Hades na Supergiant Games da ya fito a 2020 ya fi shi inganci nesa ba kusa ba, sai dai ɗaki-ɗaki ake bi, kana mutuwa kana komawa farko, babu buɗaɗɗen gari. Kada kuma ka jira ci gaban Gat out of Hell daga masu shi na asali, domin an rufe Volition a watan Agustan 2023.