MCP2561 ko MCP2562: duba ƙafa ta 5 kafin ka biya kuɗi

Dukansu IC ne, wato ƙananan kayan lantarki masu ƙafa 8 da ake ɗorawa a kan bod, na kamfanin Microchip, kuma aikinsu ɗaya: tsayawa tsakanin ƙwaƙwalwar na'urarka da wayoyin nan biyu, CANH da CANL, waɗanda kwamfutocin mota ke magana da juna ta kansu, wato layin CAN. Kowanne yana cin bolt 5 a ƙafa ta 3, yana kaiwa megabit 1 a daƙiƙa. Ƙafa 7 cikin 8 iri ɗaya ne. Bambancin yana ƙafa ta 5, kuma nan ne kayan mutane ke ƙonewa.

In kana haɗa tiraka ko na'urar karanta matsalar mota, sayi MCP2562. Ƙafarsa ta 5 sunanta VIO. Wutar da ka ba ta, daga bolt 1.8 zuwa 5.5, da ita IC ɗin zai riƙa magana da ƙwaƙwalwarka. Ka ba ta 3.3, sai RXD, ƙafar da ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙo, ya fito da 3.3, TXD ma, mai karɓar saƙo daga gare ta, ya gane 3.3 sarai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙwaƙwalen ESP32 da STM32, da yawancin masu wannan aiki ke ɗauka yanzu, a kan 3.3 suke tafiya, kuma ƙafafun ESP32 ba sa jure bolt 5. Mai Arduino Uno, da ke tafiya a kan bolt 5, shi ma bai yi asara ba: ya haɗa VIO da bolt 5, shi ke nan. Ka sa wa VIO kafasita ta 100nF dab da ƙafar, kamar yadda za ka sa wa ƙafa ta 3.

MCP2561 kuwa bolt 5 kaɗai ya sani. Ƙafarsa ta 5, SPLIT, bolt 2.5 take fitarwa zuwa tsakiyar resista biyu masu om 60 a ƙarshen layi don rage hayaniya, amfanin mai zana layin CAN tun daga tushe ke nan, ba mai jona wa motar da aka riga aka ƙera ba. Tsohon MCP2551 kamfanin da kansa ya ce kada a sa shi a sabon aiki. TJA1050, wani IC mai irin wannan aiki, ba ya barci, wato ba ya kwanciya ya rage cin wuta sosai in ba a aiki, zai yi ta tsotsar batir.

Maganar barci: ƙafa ta 8, STBY, in ka bar ta a sake, IC ɗin barci zai yi, ka zaci ya mutu. Ka kai ta nagetif, ko ka haɗa ta da ƙwaƙwalwa yadda in an kashe mota zai kwanta yana cin kusan mikiro'am 5 kawai. Harafin E bayan lambar na nufin zai jure zafi har digiri 125, H kuma 150. In kusa da inji za a ɗaura, ɗauki H.

To, ga inda ɓarnar take. Mai shago zai ce maka ai duk ɗaya ne, lamba ɗaya ce ta bambanta su. Kada ka yarda. In ka ɗora 2561 a gurbin 2562, RXD zai watsa wa ƙwaƙwalwarka bolt 5, ƙafar SPLIT kuma ta yi ta kokawa da 3.3 ɗin da ka ba ta. Wani lokaci abin zai yi aiki a kan teburi, sai bayan ka miƙa wa mai mota ya ɗauke.

Mafi muni su ne masu goge lamba. Tun da jikin iri ɗaya ne, sai a kankare saman tsohon IC da aka ciro daga wani bod, a shafa baƙin fenti, a buga MCP2562. Ka jiƙa auduga da ruwan goge farce ka murza samansa. In audugar ta yi baƙi, mayar masa da kayansa. Duba ƙafafun da kyau, ragowar dalma ba ta ɓuya. In ka sayi guda 10, ka ga rubutun wani ya karkace ko kaurin jikinsu ya sha bamban, tsince-tsince ne.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na mita. Ba shi bolt 5, kai ƙafa ta 2 da ta 8 nagetif, bar ƙafa ta 5 ba a haɗe da komai ba, ka auna ta. In ka ga bolt 2.5, ba 2562 ba ne, ko me aka rubuta a kai, domin 2561 da 2551 da TJA1050 su ne ke fitar da rabin wuta a wannan ƙafa. Na gaskiya karɓa yake yi a nan, ba ya bayarwa.

Ƙananan bod ɗin da ake sayarwa a haɗe ma a kula da su, yawancinsu da resista mai om 120 suke zuwa. Mota tana da nata guda biyu: cire kan batir ka auna tsakanin rami na 6 da na 14 a soket ɗin OBD, inda ake jona na'urar karanta matsalar mota, za ka ga kusan om 60. In ka jona bod ɗinka mita ta nuna 40, narka dalmar ka cire resistar da ke kansa.