Sandunan weji na Vokey SM10 bayan rani guda da damina guda

Duk wanda ya taɓa bin babbar mota ya san weji, wato guntun itacen nan mai tsinin baki da karen mota ke turawa ƙarƙashin taya. A wasan golf ma sunan ke nan, kuma siffar ce ta jawo shi, domin sanduna ne gajeru masu kwantacciyar fuska, waɗanda ake ɗauka idan abin da ya rage tsakanin ƙwallo da rami bai wuce yadi ɗari da 'yan kai ba. Na sayi guda uku daga samfurin SM10 na kamfanin Titleist, wanda ya fito a 2024 da sunan Bob Vokey, ɗan asalin Kanada da ya daɗe yana tsara musu irin waɗannan sanduna, kuma na yi wasa da su tun daga hunturu har damina ta ɗauke, galibi a filayenmu na arewa.

A jikin kowace sanda akwai lambobi biyu da harafi ɗaya. Nawa su ne 50.08 F da 54.10 S da 58.08 M. Lamba ta farko ita ce yawan kwanciyar fuskar sandar a ma'aunin digiri, kuma ita ce ke yanke yadda ƙwallo za ta tashi sama da nisan da za ta ci. Wannan shi ne sashe mai sauƙi. Mutum ya duba wejin da ya zo tare da jerin ƙarafunansa, wato sandunan ƙarfe da ake saye a jere, wanda nawa digiri 46 ne, sai ya riƙa ƙara huɗu zuwa shida, don kada a sami wani nisa da ba shi da sandar buga shi. Dokar wasa ba ta yarda a ɗauki fiye da sanduna 14 ba, saboda haka sai da na ajiye wata doguwar sanda da na ga ina shekara ban zare ta sau biyar ba.

Lamba ta biyu ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, kuma ita ce masu saye suka fi yin biris da ita. Idan aka dafa kan sandar a ƙasa, za a ga bakinta na gaba bai taɓa ƙasa ba, akwai wani tudu a gindinta da ya ɗaga shi. Tudun nan shi lambar ke aunawa. An fi danganta dabarar da Gene Sarazen, ɗan wasan Amurka da ya narka dalma ya ƙara wa gindin sandarsa kauri don ta riƙa sulɓewa a cikin yashi maimakon ta nutse, ya kuma ci gasar Open ta Birtaniya da ita a 1932. Tudu babba, daga digiri 12 zuwa sama, yana ceton mutum a ƙasa mai laushi da yashi mai zurfi. A ƙasa mai tauri kuwa shi ne abin da ke kunyata mutum, domin gindin zai daki ƙasa ya yi tsalle, bakin sandar ya sari ƙwallon a tsakiya, ta fita a guje kamar an harba ta da gwafa.

Na san wannan ne da jikina. Kafin waɗannan ina amfani da wata sanda ta hannu mai digiri 56 da tudu 14, wadda na saya ban ko karanta lambar ba. Da damina ba ni da ƙorafi a kanta, amma da zarar iskar hunturu ta busar da fili, ciyawa ta koma ja, ƙasa ta zama kamar daɓe, sai in tsaya yadi talatin daga rami in buga, ƙwallon ta wuce ramin da wani yadi talatin. Na daɗe ina zargin hannuna. Yaron da ke ɗaukar mini jaka ne wata rana ya juya sandar, ya shafa gindinta da babban yatsa, ya ce, "Yallaɓai, ai wannan ta damina ce."

Harafin kuma yana nuna yadda aka goge gindin. F na nufin an bar shi cikakke, S an ɗan rage shi daga baya, M kuwa an zaftare shi ta baya da ta gefe biyu. Akwai wasu da ban saya ba, irin su K mai faffaɗan gindi wanda aka yi don yashi, da D ga mai sukar ƙasa da ƙarfi, da T ga gwanayen hannu.

Mai digiri 50 ba ta da labari mai yawa, kuma yabo ne a gare ta. Cikakken bugu nake yi da ita, tana kai mini kusan yadi ɗari, kuma tashinta ba ya yin sama fiye da kima, abin da ke da amfani a ranar da iska ke kaɗawa. Ita ce kuma nake ɗauka idan ƙwallo tana gab da dandamalin rami, wato shimfiɗaɗɗen wurin da ke kewaye da ramin, in ɗan taɓa ta ta faɗi kusa, sauran tafiyar ta yi ta a gangare. A filayen da dandamalinsu na yashi ne da aka cuɗa da mai, ba ciyawa ba, wannan bugun na gangarawa ya fi min kowanne tabbas, tun da juyin ƙwallo da ake biyan kuɗi mai yawa dominsa ba ya samun abin kamawa a can kamar yadda yake samu a ciyawa.

Mai digiri 54 ita ce ta fi shan aiki. Daga yadi arba'in zuwa tamanin ita nake nema, da rabin bugu ko uku bisa huɗu, kuma tudunta na digiri 10 ya zauna daidai tsakanin rani da damina. A ramin yashi, wato kwarin da ake cikawa da yashi don ya tare ƙwallo, idan yashin mai tauri ne, wanda ruwa ya dame ko rana ta gasa, tana shiga ƙarƙashin ƙwallo ba gardama. A yashi mai laushi da zurfi kuwa takan nutse fiye da yadda nake so, har nakan tuna da tsohuwar sandata. Wanda yake wasa a fili mai ban-ruwa duk shekara gara ya duba 54.14 F ko 56.12 D.

Mai digiri 58 ita ce mai ban sha'awa, kuma ita ce mai haɗari. Saboda an zaftare gindinta, ana iya buɗe fuskarta ta kusan kallon sama ba tare da bakin ya ɗaga daga ƙasa ba, sai ƙwallo ta tashi tsaye ta tsallake ramin yashi ta sauka ta zauna, irin bugun da aka san ɗan wasan Amurka Phil Mickelson da shi. A busasshiyar ƙasa ta yi min abin da na saye ta dominsa. To amma ba ta yafiya. Idan aka daki ƙasa inci ɗaya kafin ƙwallo a cikin damina, za ta haƙa rami ne kawai ƙwallon ta motsa taku uku. Da na lissafa, a zagaye ɗaya na ramuka 18 ba na zare ta fiye da sau uku, kuma ina ganin sabon ɗan wasa zai fi cin riba idan ya tsaya a 56 ya ba hannunsa shekara guda.

Game da ƙira, ƙarfen yana da daɗin ji a hannu, sautinsa a dunƙule yake. Tsagogin fuskar, wato layukan da aka yanka a jikinta, sun bambanta, na sanduna masu digiri 46 zuwa 54 sirara ne masu zurfi, na 56 zuwa sama kuma masu faɗi ne marasa zurfi, don su kama ƙwallo a ƙananan bugu. Kamfanin da kansa yana ba da shawarar a duba su bayan kimanin zagaye 75, domin suna cinyewa, kuma ƙasarmu mai tsakuwa da ƙura ba ta rage musu wannan ba. Ina wanke nawa da burushi da ruwa bayan kowane wasa.

Kuɗin ba kaɗan ba ne. A Amurka an fitar da kowace ɗaya a kan kusan dala 190, kuma kafin uku su iso hannun mutum a nan, da kuɗin kawowa da canjin naira, sai ya yi tunani sau biyu. Samfurin SM9 da ya gabace shi yana da yawancin haruffan nan, kuma idan aka samu wanda tsagoginsa ba su cinye ba, bambancin da ɗan wasa irina zai ji kaɗan ne. Ga wanda bugunsa bai daidaita ba tukuna, jerin CBX na kamfanin Cleveland, mai kwarmi a baya da faffaɗan gindi, ya fi rufa asiri. Ni dai na riƙe ukun nan, sai dai na mayar da tsohuwar 56 ɗin cikin but ɗin mota, kuma daga watan Yuli zuwa Satumba ita ke karɓar gurbin 58 a jaka.