Na'urar tsaftace ruwa da lantarki: wacce za ka saya, wacce za ka guje wa

Jama'a, in damina ta kama a Katsina amai da gudawa kan biyo baya, kuma yawancinmu ruwan 'yan ga-ruwa muke sha, ba mu san daga wace rijiya aka ɗebo ba. Shi ya sa ake ta tallar na'urori masu aiki da lantarki, toh ga yadda nake ganinsu.

Ni dai wadda na yarda da ita ita ce mai haɗa kulorin, wato sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, daga gishiri. Ka narkar da gishirin miya a ruwa, ka tsoma na'urar, ka jona da batir ko sola, wuta ta bi ta cikin ruwan gishirin ta mayar da shi ruwan kulorin. Irin su na'urar da ake kira WATA, giram 25 na gishiri ake sa wa lita 1, kuma litar nan tana isa a tsaftace ruwa wajen lita 4000, ka ga ta dace da makarantar allo, masallaci ko asibitin ƙauye. Bayan ka zuba ruwan kulorin a ruwan sha ka jira minti 30 kafin a sha. Ruwan in da laka sai ya kwanta an tace tukuna, a haɗa a inda iska ke shiga don na'urar tana fitar da iskar haidurojin mai kama wuta, kuma a yi amfani da ruwan kulorin a ranar don ƙarfinsa na raguwa.

Na'ura mai sakin sinadarin tagulla da azurfa a ruwa tana da jinkiri, ta fi dacewa da bututun manyan gine-gine. Injin "alkalin" mai rage tsamin ruwa kuwa ba aikinsa kashe ƙwayoyin cuta ba ne, ga tsada.

Amma wallahi 'yan damfara su suka fi ci min rai. Wani ya zo gidanmu da 'yar na'ura mai sanduna, ya tsoma a kofi ruwa ya koma ja ya yi baƙi-baƙi, wai dattin da muke sha ke nan, Hajiyarmu hankalinta ya tashi ta biya kuɗin matatarsa. Ƙarya ce! Sandar ƙarfen ce ke narkewa tana tsatsa, ko ruwan gora mai kyau ka ba shi haka zai yi in da ma'adinai a ciki. Haka masu kawo jabun mai gishirin, farantinta ya kamata ya zama taitaniyam mai rufi na musamman, su kuwa ƙarfen banza suke sawa ya cinye ya ɓata ruwan. Kafin ka ba da ko sisi ka ce a haɗa a gabanka, a zuba a ruwan sha a gwada shi da ƙwayar gwajin kulorin da ake kira DPD, in akwai kulorin ruwan zai yi launin hoda, kulorin da ake nema ya rage a ruwan sha bayan minti 30 ɗin shi ne miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita. In mai kaya ya fara kame-kame ka riƙe kuɗinka.