Kwas ɗin Python na Telegram: darasi ɗaya ne ya biya kuɗina

Kwas ɗin Python ɗin nan (yaren rubuta shirin kwamfuta) na Hausa da ake ta tallarsa a gurof ɗinmu na 'yan Jidda, na biya na shiga, har da ƙarin riyal na matakin da aka ce malam zai riƙa amsa tambaya.

Ofishin masu kawo 'yan Umara nake aiki, kullum cikin fasfo. Layuka biyun nan na ƙasan shafin hoto, kowanne harafi 44 ne, kuma komai da mazauninsa. A layi na biyu, tara na farko lambar fasfo ce, na 11 zuwa 13 ƙasa, NGA (Najeriya) ko NER (Nijar), na 14 zuwa 19 ranar haihuwa. Da MID, umarnin yanko haruffa, nake tsinto su a Excel, shi kuwa daga ɗaya yake ƙirge. Python daga sifili yake farawa, kuma lambar ƙarshe da ka rubuta ba ya haɗawa da ita. Bidiyoyin Turanci da na Larabci duk a guje suke wuce wurin nan. Shi wannan malamin sai ya rubuta Makka a allo, ya ja sanda tsakanin haruffa, ya ce lambobin a jikin sandunan suke, don wuƙa a tsakani take yanka. Wallahi nan take na gane. Ranar haihuwa ta zama layi[13:19], ka cire 13 daga 19, shida cif. A daren na haɗa ɗan shirin da ya tace mana fasfon ayari guda, oga har yana tambaya wa ya taya ni. Allah ya saka wa malamin da alheri a kan wannan.

To amma fa a Saudiyya muke. Da na zo yankan sunaye na Larabci masu wasali, sai suna ya riƙa fitowa guntu. Na tura tambaya, an gani, shiru. Na sake turawa da sallama da ban haƙuri, shiru. Wani abokin aikinmu ɗan Sudan ne ya nuna min cewa Python kowace fataha da shadda harafi guda yake lissafa ta, sai an share su kafin a yanka. Kwas na mazauna nan, a ce babu ko bidiyo ɗaya a kan rubutun Larabci? Ga ƙarar fanka da ke cinye rabin maganar malamin.

Mai so ya sayi ƙaramin matakin, ya ishe shi. Ni na nemi a mayar min da ƙarin da na biya, shi ma saƙon an gani an yi shiru.