Edita ko yaran unguwa: wa za a fara ba littafin?

Wata 'yar'uwarmu daga Kumo ta yi tambaya bayan zaman marubuta na ranar Asabar. Ta kammala ƙagaggen labarin yara da Turanci, tana son samun wakilin marubuta a Ingila ko Amurka da zai shigar mata da shi kamfanin ɗab'i. Shin ta biya edita ya gyara, ko ta fara ba yara su karanta? Malama, duka biyun na taɓa yi, kuma kowa da aikinsa.

Edita jimla yake gani. Zai kamo miki inda nahawu ya karkace, da inda kika maimaita kalma sau uku a sakin layi ɗaya. Na ƙwarai ma zai ce miki babi na 6 zaman banza yake yi. Sai dai kuɗi ne, kuma galibi da yawan kalmomi ake lissafi. In ya gyara kalma 45,000 sannan kika gano dole a sake rabin labarin, kin yi yaɓe ke nan a bangon da za a rushe.

Su yara ba ruwansu da waƙafi, inda labari ya mutu suke ganewa. Nawa littafin na karanta wa yara biyar 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare a zauren gidanmu a Jekadafari, bayan la'asar. Na buɗe da siffanta damina a Dadin Kowa, shafi bayan shafi, ina ta ji da kaina. Can sai ɗaya ya fara tsinke bakin tabarma, wata kuma ta tambaye ni ko an kusa kiran magariba. Amma da yarinyar labarin ta zubar da kuɗin tallan awara, sai zauren ya yi tsit. A shafi na 11 ke nan. Daren nan na yanke goman farko, raina yana suya. Kada ki ce musu "ya yi daɗi?", domin kunyar babba za ta sa su ce eh. Idonsu da ƙafafunsu za ki kalla. 'Ya'yan cikinki kuwa ba sa cikin lissafi.

Wannan ya shafi wakili kai tsaye, tunda abin da yawancinsu ke nema da farko shi ne wasiƙar gabatarwa mai shafi ɗaya da shafuka 10 ko babi uku na farko. In can ne kika sa yaro hamma, shi ma ba zai wuce nan ba, kuma da wuya ya sake duba littafin da ya riga ya ƙi.

Inda edita ya fi yara shi ne sanin kasuwa. A Ingila da Amurka, littafin 'yan shekara 8 zuwa 12 yakan tsaya tsakanin kalma 30,000 da 50,000, na matasa kuma 60,000 zuwa 90,000. Ba yaron da zai gaya miki wannan, ko cewa jarumarki 'yar shekara 17 ta yi wa 'yan firamare girma. Amma marubucin da ya saba da harkar zai faɗa miki kyauta.

Shi wakili dillali ne, la'ada yake ci, yawanci kashi 15 cikin ɗari, sai an sayar da littafin. Duk wanda ya ce ki turo kuɗin karatu tukuna, ki kama gabanki.

Da ni ce ke, sai in ajiye littafin wata guda, in karanta wa yara, in rushe abin rushewa, in ba abokiyar rubutu, sannan edita in da sauran kuɗi. Ki zo da babi uku na farko Asabar mai zuwa. Zauren yana nan, yaran ma suna nan, sai dai yanzu sun shiga aji biyu, baki ya ƙara buɗewa.