Fawa bank na intanet: wanne "garanti" ne na gaske kafin ka tura kuɗi?

Yanzu duk inda ka leƙa a Facebook ko Instagram sai ka ci karo da tallan fawa bank, 50,000mAh (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batiri ke ɗauka), garanti 100%, "idan bai yi ba a maido maka da kuɗinka", kuma a hoton ɗan ƙarami ne da zai shige aljihun riga. To jama'a a yi lissafi mana. Batirin da ke ciki 3.7V ne, shi kuma yana fitar wa waya 5V, wajen wannan canjin da zafin da yake yi ana asarar wuta, shi ya sa na 20,000mAh na gaske abin da yake bayarwa bai wuce 12,000 zuwa 13,000 ba, wato wayar da batirinta 5,000 ne zai cika ta sau biyu da rabi zuwa uku. Kamfanonin kirki suna rubuta wannan adadin na biyu da ƙananan baƙaƙe a bayan kwali ko a jikin na'urar. Wanda ya ce maka sau goma zai cika, ƙarya yake.

Nauyi ma baya ɓoyuwa. Na 20,000 yana kaiwa giram 350 zuwa 450, na 50,000 na gaske kuwa ya kai kilo guda, ko jirgin sama ba a barinka ka shiga da shi tunda iyakar da aka saba 100Wh ce, kusan 27,000mAh ke nan. Amma a kula, akwai na jabu da masu gyara suke buɗewa su tarar da batiri ɗaya ko biyu, sauran ƙullin yashi ne aka cusa don ya yi nauyi a hannu.

To a ina za ka saya?

Mai talla a WhatsApp ko Instagram ya fi kowa araha da daɗin baki, kuma wlh akwai masu amana da yawa a cikinsu, sai dai garantinsa a baki yake, ranar da abu ya lalace in ya ga dama ya yi bulokin ɗinka shi ke nan. Kafin ka tura masa ka tambaye shi abu uku a rubuce: garantin na wata nawa ne, wa zai canza, shi ko kamfani, kuma ina zan kai? In ya fara "haba Alhaji ai ba zai ma lalace ba", ka riƙe kuɗinka. In ya yarda da biya bayan an kawo, da sauƙi.

Manyan shafuka irin su Jumia da Konga suna da ƙa'idar mayar da kaya a rubuce, galibi kwana 7, amma ka sani kasuwa ce, 'yan kasuwa daban-daban ne ke saka kaya, don haka ka duba sunan mai sayarwar, in da hali ka zaɓi shagon kamfanin kansa, ka karanta ƙorafin masu tauraro ɗaya kafin yabon masu biyar.

Sai shago na ido da ido, kamar Farm Centre a Kano. Ni nan na fi so ga wanda ke kusa, don za ka ɗaga ka ji nauyi, ka jona wayarka ka ga ko yana caji da sauri, a rubuta maka rasit da kwanan wata da tsawon garanti, kuma gobe shagon yana nan. Ko da ya ɗan fi tsada.

Doka ma tana bayanka. Dokar kare masu saye ta 2018 wadda ta kafa hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta haramta tallan yaudara, hukumar kuma ta sha faɗa cewa rubuta "ba a maido da kuɗi" baya soke haƙƙinka in kaya na da aibi. Hukumar kula da harkar talla, ARCON, wadda ta gaji APCON a 2022, ita ke tantance tallace-tallace har na soshiyal midiya. Amma ƙorafi sai da hujja, saboda haka ka ɗauki sikirinshot na tallan da hirarku da shaidar tiransfa tun ranar ciniki, ka kuma ɗauki bidiyo lokacin da kake buɗe kwalin.