Salak ɗin dankali da koren wake: yadda ake haɗa shi a Jamus, da abin da za a iya yi a gida

Yaya, ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ga bayanin salak ɗin da kika tambaya, wanda nan Jamus ake yawan ganin irinsa a tebur a taron gashin nama a lokacin zafi, daga Yuni zuwa Agusta.

Rabin aikin a wajen sayen dankali yake. A gida sai dai ki duba kwando ko kashi, ki yi ciniki, in ya dagargaje a tukunya ki ce rabo. Nan kuwa, a manyan kantuna irin su Aldi ko Lidl, dankalin turawa a raga yake zuwa, galibi kilo 2 ko 2.5, kuma an rubuta halinsa a jiki. Mai koriyar alama, festkochend, shi ne ba ya farfashewa, shi ake so. Mai shuɗiyar alama gari gare shi, na markaɗe ne, in kika yi salak da shi fate za ki samu. Mai ja tsaka-tsaki ne. Abin daɗin shi ne irin dankalin da ake kira Nicola da manoman Bokkos da Mangu a jihar Filato ke shukawa yana cikin marasa farfashewar nan, don haka na Jos ba ya da abin raini. A zaɓi ƙanana masu santsin jiki, kai ɗaya.

Koren wake na gonakin nan yana fitowa ne daga Yuli zuwa Satumba. Da hunturu ana kawo shi daga Kenya da Masar da Maroko, ga tsada ga yaushi. A wannan ɓangaren mai sayen ɗanyen kaya a kasuwar gida ya fi mu morewa. Ki karya ɗaya ki gani: in ya yi ƙas, sabo ne, in ya lanƙwashe, a bar shi.

Na mutum shida: dankali kilo 1, koren wake rabin kilo, albasa 1, romon kaza ko ruwan dunƙule kofi ɗaya, binega babban cokali 4, man girki cokali 5, mustad cokali 1, gishiri da masoro.

A ɗora dankalin da ɓawonsa a ruwan sanyi mai gishiri, ya dahu minti 20 zuwa 25, har wuƙa ta shiga ba gardama. In aka jefa shi a tafasasshen ruwa, baya zai lugwigwice ciki na nan da ƙarfi. A ɓare shi da ɗuminsa, a yanka fale-fale. Sai a tafasa romon da yankakkiyar albasa da binega da mustad, a kwarara a kai tun da zafi, a rufe kamar rabin awa. Dankali mai ɗumi ne ke shan romo, wanda ya huce ba ya sha, shi ya sa za ki ci wani salak ki ji shi lami a ciki. Mai kuma a ƙarshe ake zuba shi, don in ya riga shiga sai ya lulluɓe dankalin ya hana romon ratsawa. Man gyaɗa mai kyau ya wadatar, ba dole sai na zaitun ba.

Waken a cire masa kai da gindi, a raba biyu, a dafa minti 10 a ruwan gishiri. Kada a rage lokacin don neman ƙaras-ƙaras, ɗanyensa na da wani sinadari mai murɗa ciki wanda dahuwa ce ke kashe shi. Daga tukunya sai ruwan ƙanƙara, a tsane. Kuma ba a haɗa shi da dankalin sai an kusa ci, domin tsamin binega na mayar da korensa ruwan ƙasa-ƙasa.

Hattara biyu ga duk wanda zai zo Jamus. Akwai kwalbar da aka rubuta wa Essigessenz, tsaminta kashi 25 cikin ɗari ne, alhali binega ta yau da kullum kashi 5 ce. Sai an sirka da ruwa, in ba haka ba ta ƙona baki. Sannan salak ɗin roba na kanti, da na maƙwabta ma, sau da yawa akwai Speck a ciki, naman alade ne. A karanta, a tambaya. Kaza ta halal a shagunan Turkawa ake samu, kuma Asabar ake cefane, don ranar Lahadi kantuna a rufe suke.

Mutanen arewacin Jamus da mayonis suke yi, na kudu da romo da binega. Ni dai na kudun nake ba ki shawara, musamman ga zafin Kano da wutar da ba ta da tabbas, don ya fi mai mayonis jure zama. Duk da haka dafaffen dankali ne, kada ya wuce awa biyu a waje. In walima ce, a sa shi a kula da ƙanƙara a ƙasa, a riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan. Mai son yaji ya yanka attaruhu ɗaya a cikin romon kafin ya tafasa.